Yadda na toshe wa motata kunne a hanyar Konni

Ni malamin lissafi ne a Tawa, kuma na daɗe da yin imani cewa wanda ya iya warware lissafin da ke sa ɗalibai kuka ba zai gagara ɗaure ƙusa guda ɗaya ba. Motata Golf 4 ce mai injin 1.8 da turbo, wadda na sayo a Yamai bayan wani matashi ya taɓa kwamfutarta ya ƙara wa turbon matsi, har ta zama idan na taka ta sai masu kabu-kabu su waiwayo.

Wata rana fitilar inji ta kama, aka jona na'urar bincike, ta nuna P0327, wato saƙon da ke fitowa daga na'urar sauraron ƙarar inji ya yi rauni. Makanikai suna ce mata kaptar. Wata 'yar aba ce mai kama da zobe da ake ɗaurawa a jikin inji, a cikinta akwai sinadarin da ke haifar da lantarki idan an girgiza shi. Aikinta shi ne ta ji lokacin da mai ya fashe a cikin silinda ba bisa ƙa'ida ba, ta sanar da kwamfuta, ita kuma kwamfuta ta jinkirta tartsatsin buji domin kada fistan ya lalace. Injin da aka ƙara wa matsi, ana kuma shayar da shi esansin kwalba na bakin hanya wanda babu mai iya rantsuwa a kan ingancinsa, ya fi kowane inji bukatar wannan kunne.

Na sayi sabuwa, na ƙi biyan kuɗin aiki. Na zura hannu ƙarƙashin bututun shigar iska har fatar yatsuna ta saɓule, na shafa man giris saboda tsatsa, na ƙara wasa, wato ɗan faifan ƙarfen nan mai huda da ake zura wa bulon, saboda tsautsayi, sannan na ɗaure bulon da iya ƙarfina. Da na ga kamar akwai saura, sai na zura guntun bututu a kan kile na ƙara dannawa har ƙarfen ya yi nishi. A lissafina, abin da ya ɗauru da kyau ba ya ba mutum kunya.

Ranar Asabar na ɗauki surukina za mu ɗaurin aure Konni. Tun kafin mu bar gari na ji motar ta yi nauyi kamar wadda ta ci tuwon dare da safe. Ina taka totur, inji yana kuka, amma tafiyar ba ta wuce ta jakin da aka yi wa lodin itace ba. Wata babbar mota maƙare da albasa ta wuce mu a kan hawa, yaron motar yana zaune bisa buhuna yana ɗaga mini hannu cikin tausayawa. Surukina mutum ne mai kawaici, ya ja carbinsa ya kai ƙarshe sau biyu kafin ya ce, "Malam, wannan ce motar da yarinyar nan take cewa tana tashi sama?"

Na ce, "Ita ce, Baba, zafin rana ne."

A Badagishiri na tsaya da sunan sayen ruwa, na buɗe kapo, na ƙona gwiwar hannuna, na sassauta bulon har ya zama yatsa ma yana iya juya shi. Nan take motar ta farfaɗo, na fara murmushi. Sai dai duk sanda na taka a kan hawa, wata ƙara take tashi kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwanin tumatir. Surukina ya karkata kai ya ce, "Ko dai akwai abin da muka ɗauko a cikin injin nan?" Na rage gudu, muka isa Konni an riga an shafa fatiha, har goron ya ƙare.

Ranar Litinin na kai kaina garaji wurin wani dattijo da ya fara gyaran mota tun ban shiga makaranta ba. Ya saurari labarina bai katse ni ba, ya ciro wasar ya ajiye mini a tafin hannu, ya goge giris ɗin da tsumma. Mushe yake kirana, kamar yadda ake kiran malaman makaranta a wurinmu. Ya ce, "Mushe, da farko ka matse ta har ta riƙa jin abin da babu shi, kwamfuta ta tsorata ta janye wuta, shi ya sa albasa ta wuce ka. Daga baya ka sake ta har ta kurmance, inji yana cin kansa ba ta ji. Da ka ci gaba da takawa, da fistan muke magana yanzu."

Ya bayyana mini cewa fuskar na'urar dole ta kwanta kai tsaye a kan ƙarfe mai tsabta kuma busasshe, ba wasa, ba mai, kuma a wannan injin ana ɗaure ta niyuton-mita 20 daidai. Na yi lissafin a zuciyata, na ga nauyin kilo 2 ne kawai a ƙarshen sanda mai tsawon mita guda, bai ma kai tiyar gero ba, alhali ni na hau kansa da dukan jikina. Ya ce wadda na azabtar ba abin dogaro ba ce kuma, sai an sayi wata, ya zama na biya kuɗin kaptar sau biyu da kuɗin aikin da na guje wa.

Ya aiki yaronsa, wanda bai wuce shekara 14 ba, ya ɗauko kile dinamo, wato kile mai auna ƙarfin ɗauri, a cikin akwatinta. Yaron ya saita ta, ya juya da hannu ɗaya, ta ce ƙas, ya tsaya. Na tambaya ko ba za a ɗan ƙara kaɗan ba. Dattijon ya dubi yaron ya ce, "Kai, ɗauke bututun can daga kusa da Mushe."