Kashi 30 ɗin da NUC ta bar wa jami'o'i, a kai shi Idi-Araba da Mile 12

A watan Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar da ake kira CCMAS. A tsarin, hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar a kowane fanni, sannan kowace jami'a ta cike sauran kashi 30 da abin da ya dace da ita da kuma wurin da take zaune. Ƙungiyar malamai ta ASUU ta yi ƙorafin cewa an shiga hurumin majalisun jami'o'i, kuma ƙorafin nata yana da tushe. Sai dai abin da ya fi damuna shi ne wannan kason da aka bari. Idan jami'o'in Legas suka cike shi da ƙarin lacca da takardun haddacewa, an yi asarar wata dama da ba kullum ake samun irinta ba.

Ra'ayina shi ne a mayar da wani ɓangare na kason ya zama aiki na gaske a unguwannin da ke kewaye da jami'a, a kan matsalolin shara da ruwan sha da ambaliya da asarar abinci, kuma a ba shi maki kamar kowane kwas da ɗalibi ba zai kammala ba sai da shi.

Ba sai an je nesa ba. Kwalejin koyon aikin likita ta Jami'ar Legas da asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba suke, katanga ce kawai ta raba su da ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Hausawa a birnin nan. Jami'ar Jihar Legas da aka kafa a 1983 tana Ojo, kan hanyar Badagry, maƙwabciyar wurin da aka sani da kasuwar Alaba Rago. Ga mayankar Oko-Oba a Agege, ga Mile 12 inda motocin tumatir da albasa da tattasai ke sauke kaya daga Arewa dare da rana. Duk wata magana da ake yi a aji kan muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, tana nan da ranta a waɗannan wurare, kuma akasarin masu fama da ita da hannunsu mutanenmu ne, Hausawan Legas.

A ɗauki baban bola. Yana tura kurarsa unguwa-unguwa da ɗan maganaɗisu a aljihu. Da ya manna shi a jikin ƙarfe ya san baƙin ƙarfe ne ko alminiyam, ya san kuɗin kilon jan ƙarfe a yau da yadda ya bambanta da na makon jiya, ya san wace roba ce masu narkarwa ke saya da wadda sai dai ta ƙare a kwalbati ko a jujin Olusosun. Wannan ilimi ne na sake sarrafa shara da babu littafin da ya tattara shi. Ɗalibin kimiyyar muhalli da ya yi zango guda yana zama kusa da sikelin dillalin gwangwan, yana rubuta abin da ke shigowa da inda yake tafiya, zai fahimci tattalin arzikin sharar Legas fiye da wanda ya haddace ma'anoni goma ya zazzage su a jarrabawa. Gwamnatin jihar ta haramta robobin zuba abinci masu kama da soso a Janairun 2024, daga baya ta faɗaɗa haramcin zuwa wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a jefar. Mataki ne mai kyau. Amma wa zai auna ko ya rage toshewar magudanan ruwa a Mushin ko Agege? Wa zai tambayi mai sayar da shinkafa a bakin titi me take zuba abinci a ciki yanzu, kuma nawa ya ƙaru mata? Ga ɗalibai dubbai da ake buƙatar su rubuta aikin bincike kafin su kammala, ga tambayoyi suna jiran mai amsawa.

Haka Mile 12. Duk wanda ya taɓa tsayawa lokacin da ake sauke motar tumatir ya ga yadda kwandunan ƙasa ke fitowa a murƙushe, ruwa na ɗiga, bayan tafiyar kwanaki daga Kano ko Kaduna. Kuɗin manomi ne da na dillali ke tsiyayewa a ƙasa, ga ruɓaɓɓen kaya da ya zama dole a kwashe. An daɗe ana maganar akwatunan roba a madadin kwando, amma dillali yana da hujjarsa: wa zai biya kuɗin mayar da akwatin Arewa babu komai a ciki? Wannan tambaya ɗaya ta ishi ɗaliban noma da injiniya da tattalin arziki aikin shekara, in dai za a haɗa su aji ɗaya, abin da jami'o'inmu ba su cika yi ba.

Kada a ɗauka baƙon abu nake kawowa. Tun 1963 Jami'ar Ibadan ke tura ɗaliban likita yankin Ibarapa su zauna su yi aiki cikin jama'a. Jami'ar Ilorin ma ta yi suna da irin wannan tsari a kwalejinta ta likita. A Ghana, jami'ar nazarin ci gaba da ke Tamale, wadda aka kafa a 1992, ta ware zango na uku na shekarar karatu domin ɗalibai daga fannoni daban-daban su tare a ƙauyuka su yi aiki da mutanen wurin. Likitoci sun daɗe da gane cewa ba a koyon lafiyar al'umma daga allo. Sauran fannonin ne suka yi jinkiri.

Za a ce ai akwai SIWES, akwai kuma ranar hidimar al'umma ta masu yi wa ƙasa hidima. Gaskiya ne, amma na farko koyon aiki ne a kamfani ko ofis, na biyu kuma yana zuwa bayan an riga an rufe littafi an karɓi sakamako. Babu wanda a cikinsu yake sa malami ya sake duba abin da yake koyarwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda za a tsara kwas ɗin, domin in aka yi shi sama-sama zai cutar da mutanen da aka ce za a taimaka wa. 'Yan kasuwa sun gaji da masu zuwa da takardar tambayoyi, a ɓata musu lokacin ciniki, a ɗauki hoto, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu. Wasu ma suna jin tsoro, kuma ba a banza ba: mutanen da suka ga an hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, suka ga an ba Alaba Rago wa'adin tashi a wannan shekarar, dole su yi tunanin ina bayanansu za su ƙare. Saboda haka tambayar da ɗalibai za su bincika ya kamata ta fito daga bakin mutanen wurin, a zaman da za a yi da shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa da limamai da mata masu sana'a tun kafin zango ya fara. A yi alkawarin cewa ba za a miƙa sunan kowa ga wata hukuma ba, a kuma cika shi. In an gama, ɗalibai su dawo su karanta abin da suka gano da Hausa ko Yarbanci ko turancin buroka a gaban waɗanda suka ba su lokacinsu, kuma ra'ayin waɗannan mutane ya shiga cikin makin da za a bayar. Ɗalibin da ya san Alhaji mai albasa zai saurari rahotonsa ya ce masa "ba haka muka faɗa maka ba", zai yi hattara da abin da yake rubutawa.

Wata matsalar ita ce gajartar zango. Watanni uku ko huɗu ba sa gyara magudanar ruwa, balle a ƙasar da yajin aikin 2022 ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas. Maganin shi ne sashe ya riƙe unguwa ɗaya shekara da shekaru, aji ya miƙa wa aji bayanan da ya tara. Idan ɗalibai suna gwada ruwan rijiyoyin burtsatse da masu ruwa ke cika jarkokinsu a Idi-Araba kowace damina, bayan 'yan shekaru za a samu tarihin ruwan unguwar a rubuce. Lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas a Yunin 2024, irin wannan bayani da ya yi wa ma'aikatan lafiya amfani.

Ban raina wahalar malamai ba. Mai koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai ba zai iya bin kowa kasuwa ba, ga kuɗin mota da ya ninka tun cire tallafin mai a 2023, ga batun tsaron ɗalibai mata. Shi ya sa nake ganin a fara da 'yan aji uku da huɗu, rukuni-rukuni, a wuraren da ƙafa za ta iya kaiwa. Kuma tilas majalisar jami'a ta sa wannan aiki cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Muddin maƙala a mujallar ƙetare ce kaɗai ke ɗaga malami, ba zai ɓata Asabar ɗinsa a mayankar Oko-Oba ba, kuma babu mai ganin laifinsa.

Mu ma Hausawan Legas akwai namu. 'Ya'yanmu da aka haifa a Agege da Obalende suna cikin waɗannan jami'o'i, suna jin Hausa da Yarbanci da Turanci, su ne suka fi dacewa su shige gaba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu kuma ba sai sun jira an zo ba. Shugabannin 'yan gwari na Mile 12 ko na mahautan Oko-Oba za su iya zama su rubuta matsaloli uku da suka fi ci musu tuwo a ƙwarya, su kai wa shugaban sashen da abin ya shafa kafin a buɗe zangon karatu mai zuwa, su kuma nemi a ba su amsa a rubuce.