Ruwan daminar Katsina, rada ko na'urar jirgi?

Jama'a tunda ana ta maganar hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, bari in saka baki a wani abu da ba a cika tattaunawa ba, wato yadda ake auna ruwan tun yana sama kafin ya taɓa ƙasa.

Rada ita ce na'urar da ke aika igiyar sigina irin ta rediyo cikin hadari, igiyar ta bugi ɗigon ruwa ta dawo, daga ƙarfin abin da ya dawo ake lissafa yawan ruwan, daga lokacin da ta ɗauka kuma a san nisansa. Ita ko na'urar maikirowef da ake ɗaurawa a jirgin sama ba ta aika komai, sauraro kawai take yi, tana karɓar ɗumin da ruwa da ƙasa ke fitarwa da kansu. Toh a nan matsalar take gare mu. A saman teku tana aiki sosai saboda teku sanyi yake nunawa a idonta, ruwan sama kuma ya fito da ɗumi, bambancin a fili yake, shi ya sa jiragen Amurka masu kutsawa cikin guguwar teku suke yawo da ita. Amma mu ina teku a Daura ko Mai'adua? Ƙasa ita ma ɗumin take fitarwa, sai ruwan ya ɓace a ciki, kamar mai neman farin zare a cikin auduga, dole na'urar ta koma kallon ƙanƙarar da ke can ƙololuwar gajimare tana cankar abin da ke sauka.

Kuma kowa ya san halin hadarinmu, ya taso daga gabas baƙi ƙirin da iska da ƙura kamar za a yi ambaliya, ƙarshe yayyafi, wani ruwan ma zafi ya shanye shi tun bai iso ƙasa ba. Na'ura ta ga ƙanƙara ta rubuta ruwa mai yawa, manomin gero kuwa ko jiƙa gonarsa ba ta yi ba.

Ban ce rada ba ta da aibu ba fa. In ruwa ya yi ƙarfi igiyar tana raunana, in an yi nisa kuma sai ta wuce ta saman hadarin, ga tsada ga buƙatar wuta da gyara, kun san mu da wuta. Masu abin ma haɗa biyun suka yi, a tauraron ɗan'adam mai suna TRMM na Amurka da Japan a 1997, sannan GPM a 2014, kowanne ɗauke da rada da mai sauraron.

Amma ni in za a kashe kuɗi a jiharmu, rada ta ƙasa na zaɓa, a haɗa ta da ma'aunin ruwa na gwangwani a makarantu da ofisoshin malaman gona don a riƙa gwada lissafinta. Jirgi wucewa yake yi ya tafi, ruwan da ya yi ɓarna a Jibiya a Yulin 2018 kuwa da dare ya sauka, lokacin da ake buƙatar abin da ke kallon sama ba tashi.