Maki 100 ake yaba wa? Ku tuna da Detroit ta 2004

Malam marubuci, ka ce a NBA ta yau, wato gasar ƙwallon kwando ta Amurka, duk ƙungiyar da ta hana abokan karawarta kai maki 100 wasa bayan wasa ta yi bajinta. Ban musa ba, amma wanda ya ga Detroit Pistons ta 2004 sai dai ya yi murmushi. A watan Maris na shekarar, wasa biyar a jere babu wadda ta kai maki 70 a gabansu. Saba'in fa! A wasa na shida 'yan New Jersey Nets sai da suka yi laifi da gangan a ƙarshen wasa don ƙwallo ta dawo hannunsu, suka lallaɓa suka kai 71, alhali an riga an lallasa su.

Ben Wallace ne ginshiƙin tsaron Detroit, gashi buzu-buzu, ba ya cin maki da yawa, amma ka tunkari kwando ka ga yadda zai maido maka da ƙwallo. Har yau ina ganin Tayshaun Prince na Detroit ya taso daga baya da dogon hannunsa ya doke ƙwallon Reggie Miller na Indiana Pacers dab da kwando. A jerin wasannin ƙarshe na gasar kuwa, Lakers mai taurari Shaq da Kobe ta sha kashi, Detroit ta ci wasa 4 ita ta ci 1, a wasa na uku maki 68 kacal ta samu.

Sai dai a yi adalci, bayan wannan kakar aka tsaurara dokar dafa ɗan wasa da hannu, ga kuma jifar maki uku da ta yi yawa yanzu, shi ya sa hana cin maki ya fi wuya a yau.