Badala da kududdufai tare suke tafiya

Wanda ya bi titin BUK daga Ƙofar Ɗan Agundi zuwa Gadon Ƙaya zai ga abin da ya rage na ganuwar Kano, wato badala: tudun jar ƙasa da damina ta zaizaye, nan an yanka an kafa shaguna, can an mai da gindinta juji. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta a farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, kuma a 1903 sai da Turawa suka yi amfani da igwa kafin su shiga ta Ƙofar Kabuga.

Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe. A da, idan ruwa ya ɗauke, gayya ake yi a toshe tsaguwa, kowace ƙofa kuma da Sarkin Ƙofa mai lura da ita. Yau ganuwar tana ƙarƙashin hukumar kula da kayan tarihi ta tarayya, tun 2007 ma sunanta ke cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya. Suna a takarda dai bai taɓa hana katafila aiki ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kududdufai. Yawancinsu ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini, daga baya suka zama matattarar ruwan unguwanni. Ana cike su da bola, a zuba ƙasa a kai, a yanka fuloti. To ruwan ina zai je? Gidan talaka zai shiga cikin dare, ya jiƙa katanga har ta faɗi. Mai cewa tarihi ba ya ciyar da kowa, ya je ya tambayi wanda ya kwana yana kwalfe ɗaki da bokiti a watan Agusta.

Gaskiya ne Kano ta cika ta batse, jama'a na bukatar muhalli da wurin sana'a. Amma filayen badala ba marasa gida ake ba wa ba, kowa ya san haka.

Ya kamata gwamnatin jiha ta dakatar da ba da takardar fili a jikin ganuwa da bakin kududdufi. Masarauta kuma ta farfaɗo da gayyar yaɓe, a damƙa wa masu unguwanni da magina 'yan gado, kowace unguwa da ɓangarenta.