Yadda Aka Ba Ni Ciwon Suga a Takarda

Daga wuyana abin ya faro. Wata uku Maman Abba tana kallon ƙeyata tana tsaki, wai girma ya zo mini da ƙyuyar wanka. Har soso ta sayo mini a kasuwar Sabon Gari, irin wanda ya fi dacewa da bayan tukunya, ta haɗa da sabulun salo. Na cuɗa har fata ta fara raɗaɗi, baƙin nan ko gezau.

Ranar da na je asibiti saboda yawan kasala bayan cin abinci, likita ya ɗaga wuyan rigata ya duba, ya ce, "Malam, wannan ba dauɗa ba ce." Saura kaɗan in roƙe shi ya sa hannu ya buga hatimi in kai gida. Ya ce irin wannan baƙin yakan fito wa wanda jikinsa ya fara bijire wa sinadarin insulin. Yadda ya kwatanta mini, insulin ɗan aike ne da ke sallama a ƙofar ƙwayoyin jiki don su karɓi sukari daga jini. Nawa ƙwayoyin sun fara yin kunnen uwar shegu, sai an yi ta buga ƙofa kafin su buɗe.

Aka ce in dawo da safe a gwada sukarin jinina bayan awa takwas ban ci komai ba. Na fito da niyya mai kyau, amma mai ƙosan Tudun Wada ta riga ni fitowa. Guda biyu kacal na ci, a ganina biyu ai ba ci ba ne. Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta dubi maiƙon da ke gemuna ta ce, "Baba, sai gobe." Washegari na canza hanya. Sakamako ya nuna 6.1. Likita ya ce daga 5.6 zuwa 6.9 mutum yana bakin ƙofa ne, sai ya kai 7.0 an kuma maimaita gwajin ake kiransa mai ciwon suga. Ya rubuta mini metformin, ya ce in rage tumbi, in riƙa tafiya a ƙasa.

Sai teburin inshora. Wani saurayi, idonsa a kan kwamfuta, ya ce, "Yallaɓai, lamba fa?" Na karanto masa lambar wayata. Ya ce ba ita ba. Na miƙa lambar katina. Ya ce ba ita ba, lambar cuta yake nufi. Ashe kowace cuta da lambarta a wani kundi na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira ICD-10. Hawan jini I10 ne, zazzaɓin cizon sauro da ba a fayyace irinsa ba B54. Kamfanin inshora ba ruwansa da rubutun likita, wanda dama ko likitan sai ya ƙura ido yake gane shi. Lamba suke gani su biya. Likita kuwa ya manta bai cike gurbin ba. Saurayin ya leƙa takardar magani ya ce, "Metformin? Ai na 'yan suga ne." Ya danna E11. Na biya kashi 10 na kuɗin magani, na yi masa godiya har da sa albarka.

A gida Abba ya ɗauki takardar ya bincika a wayarsa. "Baba, E11 fa ciwon suga ne nau'i na biyu." Maman Abba ta saki salati. Kafin sallar isha'i labari ya isa Funtua wajen surukata. Ina ta rantsuwa likita ya ce bakin ƙofa nake, ana ce mini takarda ba ta ƙarya.

Abba dai ya ga ubansa zai hallaka da yunwa, sai ya tono mini ainihin lambar bijire wa insulin, E88.819. Na rubuta ta a tafin hannu da biro, na tari Keke Napep da sassafe. Saurayin ya danna sau uku, kwamfuta ta ce ba ta san ta ba. Muka ɗunguma wajen likita. Ya dubi tafin hannuna ya yi dariya har da share ƙwalla. Wai wannan lambar ta Amurka ce, a watan Oktoban 2023 suka ƙara ta a nasu kundin. "Kai kuma a Zazzau kake, Malam." Ya rubuta R73.0, wadda ta ƙunshi masu tsayuwa a bakin ƙofa irina. Gyaran ya ci awa biyu, don sabis ya ɗauke.

Na dawo da sabuwar takarda ina ɗaga ta sama kamar na ci shari'a. Maman Abba ta juya ta gaba da baya, ta ce ita ta farkon ta fi yarda da ita, wannan ta yi kama da wadda aka roƙo. A tsakar gida ga buhun shuwaka da zogale daga Funtua, direban mota na jiran kuɗin dako.

Da dare na sulale Kwangila wajen mai shayina na shekara goma, na ce ya haɗa mini mai kauri kamar kullum. Ya janye gwangwanin sukari zuwa ƙarƙashin tebur, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Hajiya ta aiko Abba tun la'asar."