Rasit Kafin Rai

Kwana shida na yi ina jinyar mahaifiyata a wani asibiti a nan Jos, kuma wallahi har yau raina bai huce ba.

Ƙarfe ɗayan dare muka taso daga Unguwar Rogo a motar maƙwabci, sanyi na ratsa ƙashi, Inna tana numfashi sama-sama. Kafin kowa ya taɓa ta, wurin biyan kuɗi aka nuna mini. Kuɗin kati, kuɗin gado, kuɗin ajiya. Safar hannu da auduga da sirinji ma a takarda aka rubuto, wai in je in sayo. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa, amma wa zai tsaya karanta wa mai karɓar kuɗi doka alhali uwarsa na kakari?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dare. Na ƙirga gado 22 a ɗakin, nas ɗaya tal. A dare na uku ruwan da aka sa wa Inna ya ƙare, jini ya fara hawa cikin roba. Na ruga na sami nas ɗin a kan wata tsohuwa da ta suma. Ta ce, "Malam, yi haƙuri, ni kaɗai ce. Abokan aikina biyu sun tafi Ingila, ba a ɗauki kowa ba." Ni da ban san kan allura ba, ni na toshe ruwan, da tocilan waya, domin an kashe janareta, wai ana tattalin dizal. Tun da aka ƙara kuɗin wuta na Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, a 2024, bakin masu asibitin ya samu abin faɗa.

Ban ga laifin yarinyar nan ba, idonta ya yi ja don rashin barci. Laifin na masu zama a ofis ne, da suka mai da asibiti kanti, kowane sashe sai ya kawo kuɗin shiga. Albashin nas biyu da aka tsimi, a jikin wa aka cire shi? Gwamnati kuma da bakinta ta yi alkawari a Abuja tun 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi ga lafiya, har yau ko rabi da ƙyar ake gani.

Ranar sallama aka miƙo mini takardar lissafi. Layi na huɗu, kuɗin kulawar nas, kwana shida cif, har da daren da na tsaya da tocila.