Wa zai rufa wa mai tsegumi asiri a Tahoua?

Kiran da ake yi wa jama'a a gidajen rediyon karkara da majalisun unguwa, cewa duk wanda ya ga ana zaluntar yaro ko mace ya kai rahoto ba tare da ya faɗi sunansa ba, kira ne mai kyau, amma ina ganin masu yin sa sun fi mayar da hankali ga bakin da zai yi magana fiye da kunnen da zai saurara.

A jihar Tahoua mun san abin da shiru ke haifarwa. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a matsayin wahaya, wato baiwar da ake saya a ƙara kan matan aure huɗu, a yankin Birnin Ƙonni, kuma sai a 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta kama gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10, alhali tun 2003 dokar ƙasa ta mayar da bauta babban laifi. Duk tsawon shekarun nan akwai masu ganinta a bakin rijiya da gona. Abin da ya ɗaure musu harshe shi ne tsoron a ce wane ne ya kai ƙarar maƙwabcinsa wurin jandarma, wanda a ƙauye ya isa a daina zuwa sunan ɗanka.

To, layin wayar da za a kira lamba 17 ta 'yan sanda da shi an yi masa rajista da katin ɗan ƙasa, ga kuma mai cajin waya a bakin kasuwa da ya san kowa. Idan jami'in da ya karɓi kiran ya isa gari ya fara tambayar maigari ko wa ya kira, an gama da sirri, kuma ba za a sake samun mai kira daga wannan gari ba. Don haka wajibi ne hukuma ta hana jami'anta neman sunan mai rahoto, ta hukunta wanda ya fallasa shi, a kuma buɗe ƙofa ta hannun ƙungiyoyi irin su Timidria da suka daɗe suna yaƙi da bauta.

Masu cewa ɓoye suna zai ba mahassada damar ƙulla sharri, musamman inda ake rikicin gona ko kishi, suna da gaskiya. Amsarsu ita ce a ɗauki rahoton a matsayin mafarin bincike kawai, kada a tsare kowa sai an je an gani da ido.